Taswirar waya ko bakin direba: wa ya fi sanin hanyar Legas?

Alhaji Mai Tumatir, Mile 12: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni ga direbobinmu da yaranmu masu ilimin waya. Yanzu kusan duk direban da ke kawo mana kaya daga Kano ko Danja za ka ga ya maƙala waya a gefen sitiyari, wai tana nuna masa inda gosulo, wato cunkoson motoci, yake tun bai iso Berger da ke mashigar Legas ba. Ku kun san sana'armu ba ta son jira. Mota in ta maƙale a Long Bridge, doguwar gadar nan da ke kafin Berger, daga asuba har rana ta take, kwandunan ƙasa sun fara tsiyayar ruwa ke nan, kafin a sauke a kasuwa rabin kuɗin ya tafi. To wannan taswirar daga ina take samo labarinta? Abin dogaro ce har mutum ya ɗora dukiyarsa a kai, ko kuwa dai a ci gaba da bugo wa na gaba a tambaye shi?

Ɗan Yaba: Wa alaikumus salam Alhaji. Mutane da yawa sun ɗauka kyamara ce a sama take kallon titi. Ba haka ba ne. Wayoyin mutanen da ke kan titin ne suke ba da labarin. Duk wayar da aka kunna mata wurin nuna inda mutum yake, tana karɓar saƙo daga taurarin ɗan'adam, aƙalla guda 4, ta lissafa inda take. Manhaja irin su Google Maps sai ta tattara motsin wayoyi masu yawa a kan titi ɗaya. In ta ga wayoyin da ke kan titin Ikorodu suna gudu, ta shafa masa kore. In sun rage gudu, ruwan lemo. In suna jan ciki, ja. In sun tsaya cik, ja mai duhu. Sannan tana haɗawa da abin da ta saba gani a wannan titin a irin wannan rana da irin wannan lokaci, shi ya sa take iya cewa za ka isa ƙarfe kaza. Ita kuma manhajar Waze, wadda Google ta saya a 2013, tana ƙarawa da rahoton da direbobi ke dannawa da hannunsu, kamar haɗari ko mota ta lalace.

Ke nan Alhaji, direbanka da ke kallon taswirar shi ma yana cikin masu ba ta labari, ko ya sani ko bai sani ba.

Baba Direba, Ijora: Ɗana ka yi bayani, Allah ya yi albarka. Amma bari in faɗa maka abin da wayar ba ta sani ba. Ba ta san tirela nake ja ba. Ita a wurinta da mai ƙaramar mota da mai ɗauke da kwantena ƙafa 40 duk ɗaya ne. Za ta ce ka karya dama ka shiga wani layi a Mushin ko Agege saboda ta ga kore, ba ta san a tsakiyar layin akwai ƙarfen da aka gitta a sama don hana manyan motoci ba, ba ta san akwai kwanar da bodi ba zai juyu ba, ba ta san masu unguwa sun kulle get da dare sun tafi da makulli ba. Na ga yaro matashi da sabuwar mota ya shiga irin wannan layi, gaba ba hanya, baya ba dama, masu shaguna suna ta ihu a kansa, wayar lantarki ta sarƙe a saman kwantenar. Sai da aka kwashe teburan masu kayan miya ɗaya bayan ɗaya sannan aka samu ya fito da baya.

Sannan Alhaji, maganar Long Bridge da ka kawo. Wanda ya hau gadar nan ya riga ya shiga, ko waya ta yi ja ko ta yi baƙi ba inda zai juya. Shawarar tun a Shagamu ake yanke ta. A nan ne mutum zai zaɓa, ya miƙe ta Mowe da Ibafo da Kara ya faɗo Berger, ko ya karya ta hanyar Shagamu zuwa Ikorodu ya ɓullo Mile 12 ta baya. Labarin da bai same ka a mararraba ba, bai amfane ka da komai ba.

Alhaji Mai Tumatir, Mile 12: Wannan magana ta Shagamu ita ce, Baba. To Ɗan Yaba, in yana Shagamu ya duba ya ga kore, yana da tabbacin zai tarar da koren?

Ɗan Yaba: Babu tabbaci Alhaji. Abin da ya gani a Shagamu halin da ake ciki ne a wannan mintin. Kafin ya iso Kara tanka na iya faɗuwa. Kuma akwai wata matsalar da ta fi shafar masu tafiyar dare irin direbobinku. Ƙarfe 3 na dare wayoyin da ke kan hanya kaɗan ne, da yawan direbobin manyan motoci ma ƙaramar waya ce a aljihunsu ko kuma data a kashe. In masu ba da labari sun yi ƙaranci, lissafin yakan jingina da abin da aka saba gani, ba abin da ke faruwa ba.

Kuma launin ba ya faɗin dalili. Ja na iya zama danfo ce, wato ƙaramar bas ta haya, ta tsaya ɗaukar fasinja, minti kaɗan an wuce. Ja na iya zama kwantena ce ta kife ta tare layi uku, sai an kawo kuren. A wani bidiyo da ya fita a 2020, wani mutum a birnin Berlin na Jamus mai suna Simon Weckert ya zuba wayoyi 99 a ɗan amalanke yana ja a ƙafa a kan titin da babu kowa, taswira ta mayar da titin ja. Ya yi ne don ya nuna cewa wayoyi take ƙirgawa, ba motoci ba.

Direban Haya, Ogba: Ni da wannan abin nake cin abinci, kullum yana kunne daga safe har dare, don haka ba zan kushe shi ba. Baƙon da ya zo Legas jiya yau zai iya kai fasinja Ajah ya dawo, abin da a da sai ka daɗe kana bin wani kafin ka iya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk awa ɗaya da ka tsallake a gosulo kuɗi ne ka mayar aljihu.

Amma akwai abu biyu da nake gani kullum. Na farko, in babban titi ya toshe, ba kai kaɗai aka nuna wa ɓarauniyar hanyar ba. Duk mai waya a wannan gosulon an nuna masa. Sai ku ɗunguma gaba ɗaya cikin layin da mota biyu ba sa wucewa tare, na babban titi ya saki ya tafi, ku kuna nan. Yanzu in na ga bambancin bai wuce 'yan mintuna ba, ina zama a kan babban titi.

Na biyun ya fi haɗari, wato wanwe. Akwai layukan da aka mayar hanya ɗaya amma wata manhajar ba ta sabunta ba. Fasinja yana baya yana kallon tasa wayar yana cewa direba bi nan mana, ga shi ta nuna. Kai kuma kana ganin allon da idonka. Dokar sufuri ta jihar Legas ta 2018 ba ta wasa da wanwe, har mota ake ƙwacewa, kuma kowa ya ga gwanjon motocin da aka kama da aka yi a watan Satumban 2022. Ranar da aka tare ka, ba wanda zai saurari cewa waya ce ta ce ka bi. 'Yan'uwa masu sabon zuwa, allon titi yana gaba da muryar waya.

Mai Kai Saƙo, Idi-Araba: Yaya ka faɗi gaskiya. Mu masu babur ma haka ne. Tun 2019 akwai tsarin babur a Google Maps a Najeriya, yana da amfani sosai wajen nemo adireshi. Amma sanin inda aka hana acaɓa aikinka ne. Daga 1 ga Yunin 2022 aka hana a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Mainland da Lagos Island, a Satumba aka ƙara Mushin, Oshodi-Isolo, Shomolu da Kosofe. Yaro ya sauka daga mota yau, gobe an ba shi babur da waya, bai san iyakar ƙaramar hukuma ba. Ita iyakar ba a zana ta a kan kwalta ba.

Hajiya Mai Atamfa, Agege: Sannunku da ƙoƙari. Duk maganarku ta masu tuƙi ce. Mu da muke tsaye a bakin titi fa? Mu ne muka fi yawa a garin nan.

Ni daga Agege nake zuwa Balogun saro kaya. Abin da nake bukata ba launin titi ba ne. Ina so in sani, in na fito yanzu, motar tana kusa ko tana nesa, akwai wuri ko a cike take. Danfo ba ta da lokaci, sai ta cika take tashi. Kina tsaye da ƙullin kaya a ka, rana na dukanki, ba ki san ko minti biyar ya rage ko awa ba, ga azahar na neman wucewa. Da za a ce mini sai nan da rabin awa, ai sai in shiga masallaci in yi sallata a natse in fito. Rashin sanin ya fi jiran ciwo.

Shi ya sa jirgin ƙasan nan na Red Line ya shiga raina tun da ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban 2024. Daga Agbado yake tasowa, ya biyo Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba, ya tsaya Oyingbo, kilomita 27. Ba ruwansa da gosulo, kuma yana da lokacin da aka sa masa. Da katin Cowry ɗin da nake shiga BRT, manyan bas ɗin nan na gwamnati, da shi nake shiga. To tunda kowane kati ana dannawa a na'ura, ai hukuma ta san yawan mutanen da ke hawa a kowace tasha da kowane lokaci. Fatana wannan sanin ya riƙa dawo mana, a rubuta a allo a kowace tashar bas cewa mota ta gaba saura minti kaza, wanda ba shi da babbar waya ma ya gani.

Ɗan Yaba: Hajiya abin da kika faɗa shi ne zuciyar maganar, kuma ba abu ne mai wuya a fasahance ba. Bas in an sa mata na'urar da ke aika inda take, kwamfuta za ta lissafa lokacin isowarta tasha ta gaba. A BRT ya fi sauƙi saboda tana da layinta ita kaɗai a wurare da yawa, tun wanda aka fara a 2008 daga Mile 12 zuwa CMS, har na Oshodi zuwa Abule Egba na 2020. Jirgin Blue Line na Marina zuwa Mile 2 da ya fara a Satumban 2023 shi ma haka. Inda aikin yake da nauyi shi ne danfo da korope ('yar ƙaramar bas) da keke, domin kowace da mai ita, ba mai ikon cewa ga lokacin tashinki.

Malam na Zango: Ina biye da ku tun ɗazu. Ina so in ƙara wani ɓangare da ba a taɓo ba, wato labarin da hukuma ce kaɗai take da shi tun kafin abin ya faru. Wayoyi sai gosulo ya haɗu suke gani. Amma wanda zai rufe gada ya san ranar tun da wuri.

Ku tuna gyaran gadar Third Mainland a farkon 2024. Gada ce mai kilomita 11.8, ita ce babbar hanyar shiga Ailan, wato tsibirin Legas. An sanar tun kafin a fara, an ce da safe masu shiga ne za su bi, daga tsakar rana masu fitowa. An sha wuya, amma mutum ya san yadda zai tsara fitarsa, wasu suka koma gadojin Eko da Carter, wasu na Ikorodu suka koma jirgin ruwa. Ku kwatanta da rufe gadar Independence a farkon Afrilun 2025. Mutane da yawa ba su shirya ba, Victoria Island ta cushe, wasu ba su isa gida ba sai tsakar dare, har ministan ayyuka David Umahi ya ba da umarnin a sake buɗe ta. A ranar kowace waya ta nuna ja, amma me jan ya tsinana wa wanda ya riga ya shiga?

Akwai gidan rediyon Lagos Traffic Radio a mita 96.1, tun 2012 yake aiki, jami'an LASTMA, hukumar kula da zirga-zirgar motoci ta Legas, da masu sauraro suna ba da rahoto daga kan titi. Yana da amfani ƙwarai domin yana faɗin dalili, abin da Ɗan Yaba ya ce launi ba ya faɗa. Sai dai abin da na fi ji a cikinsa Turanci ne da Buroka da Yarabanci, kuma da sauri ake jero sunayen wurare. Ɗan'uwanmu da ya taso daga Illela da albasa ko daga Maigatari da shanu zai nufi mayankar Oko-Oba, in aka ce masa an karkatar da hanya a wuri kaza, ko sunan bai kama ba. Nan ne nake ganin nauyi ya hau kanmu mu da muka daɗe a gari.

Baba Direba, Ijora: Malam ka tuna mini da Apapa. Duk wanda ya yi dako a tashar jirgin ruwa kafin 2021 ya san abin da muka gani. Layin tireloli ya taso daga bakin tasha ya hau gadar Ijora ya miƙe har wajen Ojuelegba. A ƙarƙashin mota muke kwana, a nan muke girki, a nan muke salla, ba ka isa ka matsa ba don kar wani ya shige gabanka. Ba don ba mu san akwai gosulo ba ne. Mun fi kowa sani, mu ne gosulon. Abin da ba mu sani ba shi ne yaushe za a kira mu.

A watan Fabrairun 2021 hukumar tashoshin jiragen ruwa ta kawo tsarin Eto. Ana yi wa mota rajista ta intanet, ka zauna a garejin da aka amince da shi, irin Lilypond, sai an kira lambarka ka hau titi. Ba zan ce komai ya gyaru ba, amma gadar da muke kwana a kai ta samu sarari. Abin da na fahimta a nan shi ne, nuna wa mutum cunkoso daban, gaya masa lokacin da zai fito daban. Na biyun shi ke rage motoci a titi. Amma masu tare hanya da sanda suna karɓar na goro, har yau ban ga taswirar da ke nuna su ba, kuma su ma suna cikin abin da ke tsayar da mota.

Direban Haya, Ogba: Tunda an zo nan bari in faɗi abin da ke damuna da zauren nan namu. Kwanan baya wani ya turo bidiyon gobarar tanka ya ce yanzu-yanzu a gadar Otedola, kowa ya kauce. Mutane suka yi ta turawa gaba. Ashe bidiyon gobarar watan Yunin 2018 ne. Akwai wanda ya zagaya ta Agege da Iju a banza, akwai matar da hankalinta ya tashi don mijinta na kan hanyar. Ko saƙon murya da ake turowa, mutum zai ce hanya ta toshe kar kowa ya biyo. Wace hanya? Ɓangaren shiga ko na fita? Yaushe ka gani? Sai a tura shi zaure biyar, ya kai gobe yana yawo.

Alhaji Mai Tumatir, Mile 12: Ai labarin hanya tamkar tumatir ne, na safe in ya kai yamma ya zama na zubarwa. Ni dai abin da na tsinta, a riƙa duba wayar, amma a haɗa da bakin wanda ya wuce wurin yanzu. Matambayi ba ya ɓata.

Shugaban Zaure: Jama'a na gode. Tunda mutanenmu suna kan hanyoyin nan dare da rana, daga Kara har Alaba Rago, babu dalilin da zai sa labarinmu ya zama na ƙanzon kurege. Ga shawarata, duk mai turo rahoton hanya ya faɗi wurin da sunan da aka san shi, ya faɗi ɓangaren, ya faɗi ƙarfe nawa, kuma ya ce da idonsa ya gani ko ji ya yi. Bidiyon da ba kai ka ɗauka ba kar ka turo. Wanda ke tuƙi kuma ya bar wa yaron mota ko ya jira ya tsaya.

Baba Direba, Ijora: Na yarda Shugaba, amma kar a ce sai a rubuce. Rabin direbobinmu ba sa karanta boko, kuma su ne suka fi kowa ganin hanya. A bar saƙon murya, sai dai mutum ya fara da lokaci kafin komai, ya gajarta.

Dillalin Shanu, Oko-Oba: Ni ina da ja a wuri ɗaya. Na ga wasu suna turo inda suke kai tsaye a zaure don a ga motsinsu. Zauren nan mutum nawa ne a ciki, duka mun san su? Wanda ya sayar da shanu ya juyo da kuɗi, ko mai ɗauke da kaya masu tsada, ya sanar wa ɗaruruwan mutane ga inda yake tsaye a gosulo da dare? Kowa ya san abin da ke faruwa da masu mota in an tsaya a wasu wuraren bayan magariba. A faɗi halin hanya, amma kar a faɗi lambar mota, kar a faɗi abin da aka ɗauko. Mai son a bi sawunsa ya tura wa maigidansa ko ɗan'uwansa shi kaɗai.

Ɗan Yaba: Kawu ya yi gaskiya. A WhatsApp in za ka tura inda kake kai tsaye, yana ba ka zaɓin minti 15, awa 1 ko awa 8. A zaɓi gajeren, kuma ga mutum ɗaya. Sai dai Shugaba, akwai sauran aiki. Saƙo mai ɓacewa da kansa mafi gajarta awa 24 ne, ya yi wa labarin hanya tsawo. Dole sai an samu masu kula da za su riƙa goge rahoton da ya tsufa da hannu, tunda masu kula da zaure suna da ikon goge saƙon kowa.

Hajiya Mai Atamfa, Agege: A sa da labarin jirgi da BRT a ciki don Allah, ba na masu mota kaɗai ba. In layi ya yi tsawo a tasha ko ruwa ya tare Iyana Oworo da damina, mu ma mu sani kafin mu baro gida.

Shugaban Zaure: An karɓa Hajiya. Ɗan Yaba da Direban Haya za su kula da gogewa da rana. Baba, ɓangaren Ijora da Apapa yana hannunka. Alhaji, ka haɗa mu da direbobi biyu masu shigowa ta Shagamu da dare. Har yanzu ba mu da kowa a hanyar Mile 2 zuwa Badagry, da ta Lekki zuwa Epe inda tankokin matatar Dangote ke bi. Wanda ke bin waɗannan hanyoyin kullum ya yi mini magana ta gefe kafin isha'i.